Mu sha maganinsu da safe, mu hana su haya da marece



Yau zan taɓo maganar da ba a son jin ta a fada. Na san kafin wasu su kai ƙarshe za su ce an saye ni, wasu su ce imanina ya yi rauni. Ba komai. Ni Musulmi ne ɗan Musulmi, kuma da wannan matsayin nake magana. Roƙona guda ne: a karanta har ƙarshe kafin a fara zagin.

Watannin baya na raka wani abokina neman ɗakin haya a nan Maraɗi. Tare muka yi lakwal tun ajin farko. Bagobiri ne, Hausa ya sha a nono, yanzu koyarwa yake yi. Dillali ya kai mu wani gida, ciki da falo, aka yi ciniki aka daidaita a kan jika 25 a wata, har mai gidan ya ce a kawo na wata uku. Sai ya tambayi sunan mai shiga. Da ya ji sunan ya ɗan yi jim, ya ce: "Wane masallaci kake salla?" Abokina ya ce shi Kirista ne. Nan take mai gida ya tuna ashe ɗan ƙanensa zai yi aure, kuma shi zai shiga ɗakin. Muka yi sallama muka fito. Ni nake ta huci a hanya, shi kuwa dariya ma ya yi, ya ce mini: "Kai ne baƙo, ni gida na huɗu ke nan." Wallahi dariyar nan ta fi ƙona mini rai bisa ga abin da mai gidan ya yi. Mutum ya saba da wulaƙanci a garin da aka binne cibiyarsa, har ya daina mamaki.

To ga tambayata ga mai gidan nan da ire-irensa. Ranar da naƙuda ta zo wa matarka da gardama, ko ɗanka ya karye likitan gari ya ce abin ya fi ƙarfinsa, ina ake cewa a nufa? Galmi. Asibitin da ƴan mishan na SIM suka buɗe a jihar Tawa tun 1950. Da wuya ka sami zuri'a a kudancin ƙasar nan da ba a taɓa kai wani nata can ba, har daga Najeriya mutane ke ƙetarowa. A Danja, nan bakin Maraɗi, su suka riƙe masu kuturta tun lokacin da dangi ke gudun su, kuma a can aka buɗe cibiyar gyaran mata masu yoyon fitsari a 2012. Itatuwan da kuke gani cikin gonaki daga Maraɗi zuwa Damagaram, wannan dabarar barin kututture ya tofo da manoma ke kira sassabin zamani, cikin aikin gona na ƴan mishan a Maraɗi aka fara yaɗa ta a shekarun 1980, tare da Tony Rinaudo, sannan manomanmu suka ɗauka suka raya miliyoyin hekta da ita. Babu wanda ya taɓa cewa inuwar gawon nan haramun ce.

Hannun da ya yanka cikin matarka ya ciro ɗa da rai, ka yarda da shi. Hannun nan ne kuma ba ka yarda ya riƙe makullin ɗakinka ba, alhali da kuɗinsa ya zo. A yi mini bayanin wannan lissafi, don ni na kasa gane shi.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta ce mu miliyan 17 ne da ƴan kai, sama da kashi 99 cikin ɗari Musulmi. Kiristoci kashi 0.3, wato cikin mutum dubu uku ne kawai. Masu addinin gargajiya kashi 0.2. Ko da a ce ƙidayar ta rage su, kowa ya san tsiraru ne ƙwarai. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin hujjar a yi shiru: mi ya kai mu damuwa da mutum uku cikin dubu, ga yunwa, ga tsadar rayuwa, ga rashin tsaro? Ni kuma ƙarancin nasu ne ya sa nake magana. Mutanen da ba su da yawan da zai sa ɗan siyasa ya nemi ƙuri'arsu, ba su da yawan da za su cika titi a ji tsoronsu, kariyarsu biyu ce tak: doka da kunyar maƙwabci. In dokar ta yi barci, maƙwabcin kuma ya cire kunya, shi ke nan an gama da su.

Kuma mun ga ranar da duka biyun suka kau. Juma'a 16 ga Janairun 2015 a Damagaram, washegari Asabar a Yamai. Wata mujalla a Faransa, Charlie Hebdo, ta yi zanen ɓatanci ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadu Isufu, ya je Paris ya shiga jerin gwano. Ran kowane Musulmi ya ɓaci, nawa ma ya ɓaci. To amma a kan wa aka huce? Mutum 10 suka mutu. A Yamai kaɗai ƴan sanda sun ƙirga coci 45 da aka ƙone, da gidan marayu, da makarantar Kiristoci. A Damagaram ɗaruruwan mutane a barikin soja suka sami mafaka, cikin garinsu. Masu zanen suna Paris, kuma mujallar nan tasu ta sha yi wa addinin Kirista irin wannan izgili. Amma tela ɗan unguwarmu da mai sayar da abinci a bakin tasha su suka biya bashin da ba su ci ba.

Ba a nan aka fara ba, ba a nan aka tsaya ba. A Nuwamban 2000, zanga-zangar adawa da bikin nuna tufafi na FIMA ta ƙare da ƙona coci a Maraɗi. A Yunin 2019, an kama wani limami a Maraɗi saboda ya soki dokar tsara harkokin ibada. Gwamnati ta kawo dokar, hukuma ta yi kamun, amma cocin Assemblées de Dieu aka je aka cinna wa wuta. Ku dubi abin da kyau. Mai laifi a Paris, a ƙone coci. Mai shirya biki a Yamai, a ƙone coci. Rigima da gwamnati, a ƙone coci. An fi ƙarfin mai doki, an koma dukan mai jaki. Wanda ke kiran wannan kishin addini ya gaya mini mutum nawa ya sani da suka tsaya gaban alƙali a kan gobarar nan, kuma wa ya mayar wa telan nan kekensa.

Wutar coci aƙalla ana ganin hayaƙinta, rediyo ya faɗa. Akwai wadda ke cin su kullum ba hayaƙi.

Mu ɗauki kasuwa. Kowa ya san yadda arziki ke tafiya a Maraɗi. Yaro ya kama ubangida, ya yi shekaru yana yi masa hidima, Alhaji ya yarda da shi ya ba shi kaya bashi, wata rana ya buɗe masa shago, watakila ma ya ba shi ɗiya. Amana ce ke tafiyar da komai, kuma amanar a sahun salla take ƙulluwa, da wurin suna da ɗaurin aure. Saurayi Kirista, ko da Bakatsine ne ko Bagobiri gaba da baya, yana wajen wannan zobe. Ba a rubuta a ko'ina cewa kar a ba shi bashi ba, amma ba a ba shi. Matar da ke tuyar ƙosai, rana ɗaya wani ya raɗa wa mutane cewa kar a ci abin hannunta, ciniki ya mutu. Alhali duk ɗalibin da ya karanta Suratul Ma'ida ya san hukuncin abincin ma'abuta littafi. Shi ya sa za ka tarar da yawansu sun taru a koyarwa, aikin jinya, ɗinki, gini da kanikanci. Sai mu dawo mu ce ai ba su iya kasuwanci ba.

A ƙauye abin ya fi muni, don can ƙasa ita ce rai. Malamai suna da hukuncinsu a kan gado tsakanin masu addini daban, ban zo in yi gardama da su a kansa ba. Amma gonar da mutum ya sare da hannunsa ba gado ba ce. Rijiyar gari ba gado ba ce. Buhun hatsin agaji da aka aiko wa gari duka ba gado ba ne. Taƙi shida na ƙasa da za a rufe gawa ba gado ba ne. Duk inda aka hana mutum waɗannan saboda addininsa, zalunci aka yi, kuma wanda ya yi ya sani.

Mu zo ga ilimi, inda munafuncinmu ya fi fitowa fili. Je ka tsaya bakin ƙofar makarantun mishan a Yamai, Maraɗi ko Damagaram da ƙarfe bakwai da rabi na safe, ka ga motocin da ke sauke yara. Ɗiyan alhazai ne da na manyan ma'aikata. Kolejin Mariama ta ƴan Katolika a Yamai ta yaye mata Musulmi masu ɗimbin yawa da suka riƙe manyan ayyuka a ƙasar nan. Iyaye na rububin wuri saboda sun san akwai horo kuma malami na zuwa aji. To ɗan Kirista talaka fa, wanda ubansa ke gadi ko noma? Makarantar kuɗi ce, sunan addininsa ke jikin allonta, amma ba lalle ya iya zama bencinta ba. Lakwal ɗin gwamnati zai tafi kamar ɗan kowa, aji mai yara tamanin, wani lokaci rumfar kara. Duk wahalar da ɗanka ke sha shi ma yana sha, sannan a ɗora masa ƙari: "kafiri", "arne", "ɗan wuta", kar a sha ruwa da kofin da ya sha. Wani mushen yana ji ya yi kamar bai ji ba, wani ma shi ke fara tsokanar. Na zauna aji ɗaya da yaran da suka ɓoye sunansu na gida shekara da shekaru, suna amsa wani suna don a bar su su yi karatu. Yaro ɗan shekara takwas da ya koyi ɓoye sunansa, wane irin ɗan ƙasa muke so ya zama in ya girma?

Yanzu ga waɗanda ko sunansu ba a kawowa in ana wannan magana: Azna, ko Arna, masu riƙe da addinin kakanni a Arewa, Ƙonni, Adar da ƙauyukan Gobir da Katsina. Kalmar da suke kiran kansu da ita mun mayar da ita zagi. In yaro ya yi rashin kunya a ce masa arne. To wace ce Sarauniya Mangu? A Afrilun 1899, lokacin da rundunar Voulet da Chanoine ke ƙone garuruwa tana yanka mutane, ita ce ta tsaya musu a Lugu da mayaƙanta. Ba'azna ce, sarautarta ta addinin gargajiya ce. Abdullahi Mamani ya rubuta littafi a kanta, Med Hondo ya yi fim, an sa wa gidan rediyo da talabijin sunanta, yau har lambar girma ta ƙasa ake bayarwa da sunanta. Kowa na tutiya da ita in ana maganar ƴancin kai. Amma jikokinta? Saurayi daga Lugu, Bagaji ko Masallata in ya shigo birni neman aiki, abu na farko da zai koya shi ne kar ya faɗi abin da gidansu ke bi. Mun karɓe kakarsu mun rataya a ƙirji, su kuma mun bar su da kunyar asalinsu. In da'awa ake so a yi musu, to a yi ta da kyakkyawar magana da kyakkyawan hali. Ban taɓa jin wanda ya musulunta saboda an zage shi ba.

Na san amsoshin da za su biyo baya, bari in tare su tun yanzu.

Za a ce Kiristoci ƴan koren Faransa ne. Wannan ita ce magana mafi haɗari a wannan lokaci da zuciyar kowa ke tafasa da Faransa. Ƴan mishan da suka fara zama Damagaram a 1924, sannan Tsibiri, masu jin Ingilishi ne, akasari daga Amurka da Kanada, kuma Turawan mulkin Faransa ba su taɓa sakin jiki da su ba. Kiristocin Tsibiri da Danja ƴan ƙasa ne, wasu yau jikoki ne da tattaɓa kunne a cikin addinin. Babban limamin Katolika na Yamai, Laurent Lompo, Bagurme ne ɗan Nijar. Waɗanda suka sa hannu a yarjeniyoyin yuraniyom da na sansanonin soja shekara da shekaru kuma, ku duba sunayensu, a sahu ɗaya muke salla da su.

Za a ce suna amfani da magani da abinci suna jan mutane zuwa addininsu. Suna wa'azi a asibitocinsu, gaskiya ne, ba su ɓoye ba. Akwai kuma masu wa'azinsu da bakinsu ke wuce gona da iri, kamar yadda muke da namu. Wanda ya zagi addini a kai shi gaban hukuma, shi kaɗai, da sunansa. Amma shekara sama da saba'in Galmi na aiki, ƙasar tana nan kashi 99 Musulmi. In har muna tsoron allura za ta raba talaka da imaninsa, to kuɗin da ake kashewa a aure ɗaya na ɗiyar wani attajiri ya isa a gina ɗakin haihuwa a ƙauye. A gina mana mu gani.

Za a ce ai Musulmi ma ana zaluntar su a wasu ƙasashe. Ƙwarai kuwa. Mun yi kuka da abin da aka yi wa ƴan Rohingya a Bama, da korar Musulmi daga Bangi a 2014, da hana ƴan mata sa ɗankwali a makarantun Faransa. Mi muke nema wa waɗancan? A bar su su yi ibada, su yi karatu, su kama haya, kar a ƙone musu masallaci saboda laifin wani. To abin nan da muke nema musu can, shi ake nema gare mu a nan. Wanda ke kukan Bama yana hana maƙwabcinsa ruwan rijiya, ƙungiyarsa yake yi wa kuka, zaluncin bai dame shi ba.

Za a ce ai ana zaman lafiya, har hutun Kirsimeti gwamnati ke bayarwa. Haka ne, kuma ba zan ci amanar mutanen kirki ba. A 2015 akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu cikin ɗakunansu, akwai malaman da suka fito suka yi tir. Akwai unguwannin da ake aika naman layya gidan Kirista, shi ma ya aiko da shinkafar Kirsimeti. Su ne hujjata cewa abin da nake nema ba baƙo ba ne gare mu. Amma zaman lafiyar da ya dogara da shirun mai rauni, rana ɗaya saƙon murya a WhatsApp ke rushe shi.

Ku dubi yamma, jihar Tilaberi. A Satumban 2018 aka sace fada Pier Luigi Maccalli a Bomowanga, sai bayan shekara biyu aka sako shi a Mali. A 2019 aka kai hari cocin Dolbel. Kiristocin Gurmawa na yankin Makalondi da Torodi da yawa sun bar gonakinsu, ɗaruruwan makarantu sun rufe a jihar. Kuma bindigar nan ita ce ta shiga masallacin Fambita a Maris na 2025, ranar Juma'a cikin azumi, ta kashe mutum 44. Mai ƙone coci ba a coci yake tsayawa ba. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, ka san abin da ake cewa ka yi wa naka.

Ni addinin da aka karantar da ni a makarantar allo da zauren malam, a cikinsa na ji cewa da azabar Makka ta yi tsanani, wurin sarki Kirista, Najjashi na Habasha, Manzon Allah ya tura sahabbansa. A cikinsa na ji ya karɓi tawagar Kiristocin Najran a masallacinsa na Madina. Na ji Sayyadina Umar ya ƙi yin salla cikin cocin Ƙudus don kar na baya su ƙwace ta. Mai shakka ya buɗe Suratul Hajji aya ta 40 ya ga wuraren ibadar da aka ambata. Kundin tsarin mulkin 2010 ya raba addini da gwamnati kuma ya ba kowa ƴancin ibada. An dakatar da shi a 2023, amma haƙƙin maƙwabci ba soja ya ba da shi ba, balle ya dakatar.

To mi za mu yi? Ba sai mun jira Yamai ba. Mai gidan haya da dillali: ku tambayi mutum aikinsa da halinsa, ku bar masa addininsa. Mushe da direktan lakwal: yaron da ya kira ɗan uwansa kafiri ko arne a aji a hore shi kamar wanda ya yi ashar, a kira ubansa. Magadan gari: duk inda meri ke yanka filaye, a ware maƙabarta ga waɗanda ba Musulmi ba, a ba ta takarda. Sarakuna da masu gari: kayan agaji da rijiya na duk mai biyan haraji ne. Malamanmu: huɗuba ɗaya a kan haƙƙin maƙwabci wanda ba Musulmi ba, kafin fitina ta tashi, ta fi sanarwa goma bayan an kashe wuta. Hukuma: wanda ya ƙone wurin ibada a gurfanar da shi, wanda aka yi wa ɓarna a biya shi. Ƙungiyoyinmu na farar hula kuma mu dubi kanmu, mu ƙirga Kirista ko Ba'azne nawa ke cikin kwamitocinmu da muke cewa na ƴan ƙasa duka ne.

Mu kuma ƴan fada, namu ya fi sauƙi kuma ya fi nauyi, don duk gobarar da na lissafa ba tsofaffi suka ɗauko fetur ba, sa'o'inmu ne. In saƙon murya ya shigo yana cewa "an ce wani Kirista ya yi kaza", kar ka tura. Tambayi wa ya gani, a ina, yaushe. In an fara taruwa, kai ka zama na farko da zai je ya tsaya ƙofar maƙwabcinka.

Abokina ya sami ɗaki a gida na shida, wurin wata tsohuwa Hajiya da ta ce ita sharaɗinta biyu ne: a biya a kan lokaci, kuma kar a yi mata hayaniya da dare. Ba ta yi lakwal ba, ba ta san kundin tsarin mulki ba. Allah ya saka mata da alheri, ya ƙara mana irinta.

Wanda ke da hujja ya kawo, muna saurare, ban da zagi. Allah ya zaunar da Nijar lafiya, ya kiyaye mu daga zaluntar wanda ba shi da kowa sai Shi.